Waƙa a Bakin Mai Ita: Su Wa Aka Shafe Daga Tarihin Fim Ɗin Gaskiya?

Watannin baya ɗiyar ƙanwata, wadda take koyon aikin fim a nan Yamai, ta zo gaishe ni da littafin darasinta a hannu. Bayan mun gaisa ta ce, "Kawu, kai da ba ka gajiya da tsofaffin finafinai, duba mini wannan jerin sunayen, jibi za a yi mana tambayoyi a kansu." Na karɓa na duba. An rubuta musu cewa waɗannan su ne iyayen fim ɗin gaskiya mai zubin waƙa: Flaherty, Ruttmann, Vertov, Ivens, Wright, Jennings, Rouch, Marker. Mutum takwas, duk maza, duk fararen fata. Na ce mata, "To ina Umaru Ganda?" Ta yi dariya ta ce ai ta san sunan, ta sha zuwa kallon wasan mawaƙa a gidan al'adun da aka sa wa sunansa, amma fim ɗinsa kam ba ta taɓa ganin ko ɗaya ba. Na ce, "Mariyama Hima fa?" Ta ce, "Wace ce ita, Kawu?"

Ban ga laifin yarinyar ba, abin da aka ba ta shi ta haddace. Malaminta ma ban ɗora masa laifi da yawa ba, shi ma daga littafi ya kwafo. Faɗana da jerin nan ne, da kuma mu da muka karɓe shi hannu bibbiyu muna ta maimaitawa ba mu taɓa tambayar wa ya tsara shi ba. Hujjar da nake son kafawa ita ce: tarihin wannan fanni, yadda ake koyar da shi, tarihin masu kamara ne da masu kuɗin fim. Ita kuwa waƙar da ake yabo a cikin finafinan, sau da yawa daga hannun wani ko bakin wani ta fito, wanda aka tura sunansa can ƙasa cikin ƙananan haruffa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kuma mu ƴan Nijar muna sahun gaba a cikin waɗanda aka yi wa wannan ƙwange.

Bari in fara bayyana abin da ake magana a kai, don kada mu yi ta musu a cikin duhu. Fim ɗin gaskiya, wanda masu Faransanci ke kira dokimanter, shi ne wanda ake ɗaukar mutane da wurare na zahiri, maimakon ƴan wasan da aka rubuta wa labari. Yawancin wanda muka saba gani a talabijin rahoto ne: murya tana bayani, hoto yana biye da ita yana gaskata ta. Amma akwai wani reshe da bai damu da bayani ba. Shi jera hotuna yake yi yadda mawaƙi ke jera baituka, da kari, da amshi, da maimaici. A nuna maka ɗigon ruwa ya faɗa cikin kududdufi, sai laima ɗaya ta buɗe, sai wata, sai titi ya cika da laimomi, har ka ji sanyin ruwan a jikinka alhali babu wanda ya ce maka uffan. Wannan shi ne fim ɗin gaskiya mai zubin waƙa. A cikinsa ɗaukar hoto rabin aiki ne. Ɗaya rabin, inda waƙar take, yana hannun wanda ya yanka ya haɗa, da wanda ya ɗora murya, da wanda ya ɗauki sauti. Ka riƙe wannan, mai karatu, domin a kansa maganata duka ta tsaya.

Mu ɗauki babban misalin da kowa ke kawowa, fim ɗin Dziga Vertov na ƙasar Sobiyet, na shekarar 1929, wanda sunansa ke nufin "Mutum Mai Kamara". A 2014 mujallar Sight and Sound ta Ingila ta tambayi masana, suka zaɓe shi a matsayin fim ɗin gaskiyar da ya fi kowane. Ba shi da labari, ba shi da rubutun bayani. Ƙarfinsa duk a haɗi yake, guntayen hotuna sama da 1,700 da aka jera su suna gudu, suna tsayawa, suna amsa wa juna. Wa ya zauna ya yi wannan haɗin? Elizaveta Svilova, matar Vertov. Abin ma ba a ɓoye yake ba, a cikin fim ɗin kansa ana ganinta zaune da almakashi tana yankan zaren fim. Mai kamarar da ake gani yana hawa gadoji da dogayen bututun hayaƙi kuma ƙanen Vertov ne, Mikhail Kaufman. Amma a littafin ɗiyata suna ɗaya ne tak.

A wannan ƙasar dai, a 1927, wata mata mai suna Esfir Shub ta tono tsofaffin faifan labarai da ke ruɓewa a ɗakunan ajiya, ta haɗa su ta fitar da fim a kan faɗuwar gidan sarautar Romanov. Sai da aka yi ja-in-ja kafin a yarda ita ce mai fim ɗin, wai ai haɗawa kawai ta yi. Haɗawa kawai! Kamar ka ce da masaƙi bai yi komai ba tunda ba shi ya kaɗa zaren ba. Fim ɗin ruwan saman nan da na siffanta a sama, Regen, wanda aka ɗauka a Amsterdam a 1929, mutum biyu suka yi shi, Joris Ivens da Mannus Franken. Yau Ivens kaɗai ake ambata. Listen to Britain na 1942 ya fito ɗauke da sunan Humphrey Jennings da na Stewart McAllister kafaɗa da kafaɗa, amma da yake McAllister mai haɗa hoto ne, tarihi ya sauke shi a hanya. Song of Ceylon na 1934, wanda masu tallan ganyen shayi suka biya kuɗinsa, ana ce masa fim ɗin Basil Wright. Muryar da ke ɗauke da shi tun daga farko har ƙarshe ta Lionel Wendt ce, ɗan ƙasar Ceylon ɗin, wato Siri Lanka ta yau. Fim ɗin birni kuma da ake ba Ruttmann kambunsa saboda aikinsa a kan Berlin a 1927, Alberto Cavalcanti ɗan Brazil ya riga shi da shekara guda, da fim ɗinsa a kan Paris.

Idan kuma mace ce daga wajen Turai, ko da ita ta ja ragamar aikin da kanta, shiga jerin sai ta yi wuya. Forough Farrokhzad, mawaƙiyar Iran, ta je mazaunin masu cutar kuturta kusa da Tabriz a 1962, ta fito da fim na minti 22 mai suna "Gidan Baƙi Ne". Ita ta ba da umarni, ita ta haɗa, muryarta ce ke rera baitukanta a kan fuskokin mutanen da duniya ta juya wa baya. Ta rasu a haɗarin mota a 1967 tana da shekara 32. Duk wanda ya ga fim ɗin nan ya san ba ya bayan kowa a cikin takwas ɗin can.

Na kawo waɗannan ne don a ga cewa cutar tsohuwa ce, kuma ba a kanmu ta fara ba. Yanzu mu dawo gida, inda ta fi yi mini ciwo.

Da farko a tuna cewa ƙofar a kulle take. A 1934 Faransa ta kafa dokar da aka sani da sunan Laval, wadda ta ce ba mai ɗaukar fim a ƙasashen da take mulka a Afirka sai da izinin gwamna. A aikace, baƙar fata ba ya samun wannan izini. Shi ya sa da Paulin Soumanou Vieyra, haifaffen Porto-Novo, da abokansa suka so yin fim a 1955, sai a Paris suka yi shi, suka kira shi Afrique sur Seine. Saboda haka duk mai cewa ƴan Afirka sun makara wajen shiga wannan fanni, a tambaye shi: wa ya riƙe makullin?

A cikin wannan hali Jean Rouch ya zo Nijar a 1941, injiniyan hanyoyi, ya haɗu da wani saurayi ɗan masunta mai suna Damure Zika. Daga baya ya koma nazarin al'adu da ɗaukar fim. Kamarar da yake aiki da ita a shekarun 1950 ƙarama ce mai zaren milimita 16, wadda ake yi wa wani kamar agogo. In an wana ta, sakan ashirin da ƴan kai take yi ta tsaya, kuma ba ta ɗaukar magana tare da hoto. Wannan bayanin na'ura shi ne zuciyar shari'ar da nake yi. Duk abin da Rouch ya ɗauko da irin wannan kamara guntaye ne na bebaye. Magana daga baya ake ɗora ta, a kunna majigi a ɗaki, mutum ya zauna yana kallo yana faɗin abin da ya zo bakinsa.

Haka aka yi Moi, un noir, wato "Ni, Baƙar Fata", wanda aka ɗauka a unguwar Treichville ta Abijan, ya fito a 1958 ya ci kyautar Louis Delluc a Faransa. Jarumin fim ɗin ɗan ci-rani ne daga Yamai, haifaffen 1935, wanda ya shiga sojan Faransa yana ɗan shekara 16, aka kai shi yaƙin Indoshin, ya dawo hannu rabbana, ya gangara Abijan yana dako a tashar jiragen ruwa. Shi ne Umaru Ganda. A cikin fim ɗin ya laƙaba wa kansa sunan tauraron Amurka, Edward G. Robinson. Aka kunna masa hotunan rayuwarsa, ya buɗe baki. Abin da ya fito kuwa bai yi kama da bayani ba ko kaɗan. Yana yi wa kansa kirari, yana zagin talauci, yana mafarkin zama zakaran dambe, yana magana da matan da ba za su kula shi ba, yana tuna kogin Kwara da yaran da ke wanka a bakinsa. A ƙarshen fim ɗin yana tafe a bakin ruwa tare da wani yaro, yana kwatanta masa yaƙin Indoshin, yana faɗuwa ƙasa, yana jifa da gurnetin da babu shi. Duk Bahaushe ko Bazabarmen da ya saurari wannan murya zai gane gidan da ta fito: gidan kirarin ƴan dambe da ƴan kokawa, da zancen dare na ƴan ci-rani, inda mutum ke wasa kansa don kada baƙin ciki ya kashe shi.

To ka kashe sautin fim ɗin ka kalla. Me ya rage? Hotuna masu kyau na samari suna yawo a titi. Ka mayar da sautin, sai ga waƙa. Idan haka ne, wane ne mawaƙin? Jean-Luc Godard ya yaba fim ɗin nan matuƙa a rubuce, kuma masana da dama suna ganin tasirinsa a dogon fim ɗinsa na farko na 1960, inda wani ɗan iskan gari ke yawo a Paris yana kwaikwayon Humphrey Bogart. Ɗan dakon Treichville ya riga shi wannan wasa da shekara biyu. Amma littattafai suna cewa Rouch ya yi wa sabon salon fim na Faransa tasiri, a rufe babi. Hatta matar da ta yi aikin haɗa hotunan, Marie-Josèphe Yoyotte, sai mai tono ne ke cin karo da sunanta.

Haka zancen yake a Jaguar, wanda aka ɗauka a tsakiyar shekarun 1950 amma bai fito ba sai 1967. Samari uku, Damure Zika da Lam Ibrahim Dia da Illo Gaudel, suka tashi daga Ayoru suka nufi Kumasi da Akara neman kuɗi. Abin da ke riƙe mai kallo daga farko zuwa ƙarshe shi ne hirar da aka ɗora daga baya, ta Damure da Lam, suna tsokanar juna, suna yi wa garuruwan da suka ratsa ba'a da yabo, suna mayar da wahalar hanya abin dariya. Ba wanda ya rubuta musu ko kalma ɗaya. Sai kuma Musa Hamidu, wanda ya yi shekaru da dama yana ɗaukar sautin finafinan Rouch da na ƴan Nijar. Kukan goge da amon ƙwarya da ake ji a finafinan bori na ƙasar Zabarmawa, waɗanda masana ke rubuta maƙaloli a kansu, ta kunnen mai riƙe da makirfo suka bi kafin su kai Paris. Sau nawa ka ga sunansa a jerin magabata?

Na san abin da za a ce mini, kuma ba zan kauce masa ba. Za a ce Rouch bai ɓoye kowa ba. Gaskiya ne. A farkon Moi, un noir da bakinsa ya gabatar da jarumin ya ce ya bar masa magana. Fim ɗin Cocorico! Monsieur Poulet na 1974 ma da sunan Dalarou aka fitar da shi, wato farkon sunayen Damure da Lam da Rouch a haɗe. Ya ƙarfafa wa Ganda da Mustafa Alasan gwiwa su ɗauki kamara da kansu. Ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004, kuma a Yamai aka binne shi. Ba na cikin masu kiran sa ɓarawo, kuma ina ganin masu yin haka ragwanci ne ke damun su, sun sami wanda za su zaga sun huta da bincike. Yabon gwani ya zama dole: shi ya zaɓi inda zai tsaya da kamara, shi ya yi tunanin juya majigi ya ba mutane damar amsa wa hotonsu. Amma kyautar kirki ta mutum ɗaya ba ta gyara tsarin da ya ce mai kamara shi ne mai fim, sauran kuwa kayan aiki ne. Ousmane Sembène ya faɗa masa ido da ido a 1965 cewa masu nazarin Afirka irinsa suna kallon mu kamar ƙwari. Ko ka yarda da Sembène ko kada ka yarda, tambayar da ya ɗaga tana nan: wa ke kallo, wa ake kallo, kuma sunan wa ke saman takarda?

Shi kansa Ganda bai tsaya jiran amsa ba. Ya dawo gida ya sake ba da labarin tsohon sojan Indoshin da kansa, cikin Zabarmanci, a fim ɗin Cabascabo, wanda aka nuna a bikin Cannes a 1969. A 1972 fim ɗinsa Le Wazzou polygame ya ci babbar kyautar FESPACO ta Wagadugu, karo na farko da aka ba da ita. Wannan ya isa hujja cewa baiwar da aka ji a Treichville tasa ce, ba aron ta aka ba shi ba. Ya rasu a 1981.

Za a kuma ce mini na cakuɗa abubuwa, wai finafinan nan ba sa cikin reshen mai zubin waƙa, suna da nasu suna a wurin masana, tunda akwai wasan kwaikwayo a ciki. Wannan ita ce hujjar da ta fi ba ni dariya. Rabe-raben da ake koyarwa yau, irin na Bill Nichols da ya kasa fim ɗin gaskiya gida shida a littafinsa na 2001, an gina reshen waƙarsu ne a kan finafinan Turai na shekarun 1920, zamanin da fim bai iya magana ba. Dole waƙarsu ta zama ta ido zalla. Aka auna riga a jikin mutum ɗaya, sannan aka ce duk wanda ba ta shige shi ba, jikinsa ne ba daidai ba. Mu kuwa waƙarmu a baki take tun fil azal. In fim ya tashi daga ƙasar da maroƙi da sanƙira da zabiya suke, ina kake tsammanin za a sami waƙarsa in ba a murya ba? Maganar kwaikwayo kuma, Flaherty da ke saman jerin ai shi ne sarkinta. A Nanook na 1922 mutumin sunansa na gaskiya Allakariallak, kuma an shirya wurare da dama na fim ɗin don kamara. Ba wanda ya kore shi daga tarihi saboda haka.

Ko da ma mun yarda da ma'auninsu na ido zalla, muna da waɗanda suka cika shi. A 1962 Mustafa Alasan, bakanike mai zane wanda ya koya wa kansa sana'ar, ya yi gajeren fim mai suna Aouré, wato aure, a kan yadda saurayi da budurwa ke haɗuwa har a kai ga biki a wani ƙauyen Zabarmawa na bakin kogi. Shekara biyu kacal bayan samun mulkin kai ke nan, ɗan ƙasa ya juya kamara ya kalli mutanensa da idon na gida. A shekarun 1980 kuma Mariyama Hima, mace ta farko da ta yi fim a Nijar, ta shiga wurin masu sana'ar hannu na Yamai ta yi jerin gajerun finafinai: Baabu Banza, Falaw, Toukou, Katako. Abin da ta sa a gaba shi ne hannuwa: yadda ake karɓar abin da gari ya zubar, tsohon ƙarfe da gwangwani da tano da katako, a buga, a narka, a yanke, a fitar da abin amfani. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Katako ya saurari amon guduma ya san akwai kiɗa a wurin, jiran mai kunne kawai yake. Sunan fim ɗinta na farko ma, Babu Banza, ya isa taken wannan fanni gaba ɗaya, domin aikin fim mai zubin waƙa ke nan: ya ɗauki abin da ido ya raina ya nuna maka darajarsa. A maƙwabta kuma ga Safi Faye ta Senegal, wadda ta yi Kaddu Beykat a 1975 a ƙauyensu, ta tsara shi kamar wasiƙa, da muryarta, a kan manoman da noman gyaɗa ya talauta. Gwamnatin ƙasarta ta hana nuna shi. Ta rasu a 2023.

Yanzu kuma in juyo kanmu, domin in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Bature ya rubuta tarihinsa ya sa danginsa a gaba, wannan ba abin mamaki ba ne. Mu me ya hana mu rubuta namu? Gidajen silima na Yamai da muka sani muna yara sun rufe ɗaya bayan ɗaya muna kallo. Mustafa Alasan ya yi shekarunsa na ƙarshe a Tawa yana ta aiki, ya rasu a 2015; a 2017 gidan adana fasaha na MoMA da ke New York ya shirya bikin nuna finafinansa. Mutumin New York ya sami damar da ɗan Tawa bai samu ba. A watan Oktoba na 2024 aka sauya wa cibiyar al'adun da ke ɗauke da sunan Jean Rouch a Yamai suna, ta koma ta Mustafa Alasan. Na yi murna, ya cancanta. Sai dai labarin ɗiyata ya koya mini cewa suna a jikin bango ba ya koyar da kowa komai. Ganda ya yi shekaru da sunansa a kan gini, ga ɗalibar fim ba ta taɓa jin muryarsa ba. In ba a yi hankali ba, mutum sai ya koma adireshi, wurin da ake ce wa mai taksi ya sauke ka.

Hasarar kuma ba ta tsaya a kan matattu ba. Yaron da bai san gidansu an taɓa yin waƙa da kamara ba, zai ɗauka fim ɗin gaskiya shi ne abin da ƙungiyoyin agaji ke biya a yi musu: a zaunar da mace a gaban bukka, a tambaye ta matsalarta, a sa kiɗan tausayi, a rufe da tambarin mai ba da kuɗi. Na ga samari masu basira sun ƙare a nan, suna ɗaukar ƙauyukansu da idon baƙo, domin ba a taɓa nuna musu wani ido ba. Na kuma ga waɗanda ke yi wa masu fim na waje jagora, su nemo mutanen, su yi tafinta, su zaɓi wurin, su san lokacin da za a yi shiru, a ƙarshe sunansu ya fito tare da na direba a layin godiya. Labarin Treichville bai ƙare ba, kamarar ce kawai ta sauya.

Duk da haka jijiyar ba ta mutu ba. Sani Magori ɗan Galmi ya yi Koukan Kourcia a 2010, wato kukan kurciya, inda ya ɗauki tsohuwar zabiyar da waƙoƙinta suka tura samarin yankinsu ci-rani shekaru da dama da suka wuce, ya kai ta har Abijan don ta yi wa mahaifinsa waƙar da za ta dawo da shi gida. Dubi yadda zance ya zagayo: Abijan ɗin da Ganda ya yi kukansa, can aka koma da waƙa, amma wannan karo mai kamarar ɗan gida ne, kuma zabiyar ita ce ginshiƙin fim ɗin a fili. A'isha Maki ƴar Damagaram kuma ta yi L'Arbre sans fruit a 2016, a kan matan da ba su sami haihuwa ba, tana magana da mahaifiyarta da ta rasu wurin haihuwa. Waɗannan jikokin Ganda da Safi Faye ne ko sun sani ko ba su sani ba, kuma haƙƙinsu ne a gaya musu sunan kakanninsu.

Abin da nake nema ba shi da tsada. Malamin da zai koyar da Moi, un noir ya rubuta sunaye biyu a allo, Rouch da Ganda, ya bar ɗalibai su yi gardama a kan rabon kowa. In ya zo kan Vertov ya rubuta Svilova. Masu cibiyoyin al'adu su fitar da majigi waje, a unguwa, ko da sau ɗaya ne a wata, a nuna Aouré da Cabascabo da finafinan Mariyama Hima, a sami mai fassara su da Hausa da Zabarmanci yadda ake fassara finafinan Indiya. Marubutanmu, mu da muke cika shafuka da labaran soyayya, wani ya ɗauki rakoda ya je wurin tsofaffin da suka riƙe fitila da makirfo a wancan zamani tun suna da rai, domin kowace shekara ana rage su. Samari masu fim kuma, in kun ɗora muryar wata tsohuwa a kan hotunanku har ta zama ita ce ran aikin, ku sa sunanta a sama tare da naku. Kada mu yi wa namu abin da muke kukan an yi mana.

Bayan kwana biyu ɗiyata ta dawo. Na riga na nemo Moi, un noir, muka zauna muka kalla a kwamfuta. Da aka zo wurin da Ganda ke faɗuwa a bakin ruwa yana ba yaron labarin yaƙi, na ga ta ajiye wayarta. Da fim ya ƙare ta jawo littafin ta ƙara sunaye a ƙasan takwas ɗin nan da biro. Ta ce, "Kawu, in na rubuta waɗannan a jarrabawa, ƙila malam ba zai ba ni maki ba." Na ce mata ta rubuta takwas ɗinsa ta karɓi makinta, sannan ta ɗaga hannu a aji ta tambaye shi wane ne ya yi maganar da ke cikin fim ɗin Rouch.